Rawa a Kan 'Yan Yatsu: Sharhin Fim ɗin "Tsuntsaye a Ƙarƙashin Ƙasa"

A wannan fili mun saba tattaunawa a kan finafinan Kano da waƙoƙin da ke tashe a shagunan masu tura fim a waya. Yau kuwa zan ɗauke ku mu yi nisa, har can ƙuryar arewacin duniya, inda rana kan yi makonni ba ta leƙo ba idan sanyi ya kama. Fim ɗin da za mu duba gajere ne, minti 11 kacal, kuma babu hira a cikinsa, rawa ce da kiɗa. An yi shi a ƙasar Finlan, ya fito a 2018. Sunansa a harshen masu shi Eatnanvuloš lottit, a Turance ana kiransa Birds in the Earth, da Hausa kuwa sai mu ce Tsuntsaye a Ƙarƙashin Ƙasa.

Na san wani zai ce, to ina ruwan ɗan goro ko mai canji a Sabo da rawar wasu 'yan mata a cikin dusar ƙanƙara? Ga dalilina. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu nan ba sai an fassara mana wannan magana ba, tun 1916 da aka keɓe wa kakanninmu wannan unguwa a Ibadan muke ɗanɗanarta. Shi kuwa wannan fim wata tambaya ya ɗauko wadda ta fi tamu ɗaci: yaya mutumin da bai je ko'ina ba, yana zaune a ƙasar kakanninsa, amma gidan ya zame daga ƙarƙashin ƙafarsa yana ji yana gani?

Kafin mu shiga fim ɗin sai mun san masu shi, in ba haka ba sai mu kalli rawa mu tashi ba mu ɗauki komai ba. Mutanen Sami su ne 'yan asalin arewacin ƙasashe huɗu: Norwe, Suwidin, Finlan da wani yanki na Rasha. Tun kafin a shata iyakokin waɗannan ƙasashe suke wurin. Sana'o'insu na gado su ne kamun kifi, farauta, da kiwon wata irin barewa ta ƙasar ƙanƙara mai rassan ƙaho, wadda take gare su kamar yadda saniya take ga Bafillace: nama, fata, abin hawa, dukiya da mutunci. A Finlan yawansu bai wuce kamar mutum 10,000 ba, suna da harsuna uku, kuma fiye da rabinsu yanzu suna zaune ne a wajen yankinsu na asali, a biranen kudu, wurin karatu da neman abinci. Wato su ma suna da nasu 'yan ci-rani da suka zama 'yan gari a wani wuri.

Yankin da doka ta amince nasu ne ya haɗa da gundumomin Utsjoki, Inari, Enontekiö da arewacin Sodankylä. To amma fa kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar wannan yanki a hannun gwamnati take, wata hukumar gandun daji mai suna Metsähallitus ce ke kula da ita. Akwai yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya mai lamba 169 ta shekarar 1989, wadda ta tanadi haƙƙin 'yan asalin wuri a kan ƙasarsu. Norwe ta amince da ita tun 1990. Finlan kuwa ta yi ta alkawari ba cikawa. An ba su majalisarsu a garin Inari tun 1996, tana da ta cewa a harkar harshe da al'ada, amma in an zo maganar ƙasa, a Helsinki ake yanke hukunci.

Ita ƙasar ma ba ta tsaya yadda suka san ta ba. A 1944 sojojin Jamus da ke janyewa sun ƙone garuruwan arewacin Finlan, aka kwashe mutane zuwa kudu, da suka dawo sai toka. Bayan yaƙi aka riƙa kai yaransu makarantun kwana inda harshensu ya zama abin kunya. A 1967 aka cika tafkin Lokka don samar da lantarki, a 1970 aka ƙara da na Porttipahta, ruwa ya shanye ƙauyuka da makiyaya. Lokka kaɗai idan ya cika yakan haura murabba'in kilomita 400. Aka bi tsofaffin dazuzzuka da sara, alhali a jikin tsofaffin itatuwan ne wata irin gansakuka take fitowa wadda barewar ke ci idan abinci ya yi wuya. A 2017 Finlan da Norwe suka ƙulla sabuwar yarjejeniya a kan kogin Teno, wanda Sami ke kira Deatnu, ta takura wa masu kamun kifi na gado har matasa suka kafa sansanin bore a wani tsibiri. Daga 2021 ma aka hana kama babban kifin kogin saboda ya yi ƙaranci. Ga kuma ɗumamar yanayi: ruwan sama kan sauka a kan dusar ƙanƙara a tsakiyar sanyi, ya daskare ya zama kamar gilashi, barewa ta yi ta tono da kofato ba ta kai ga abincinta ba. A cikin wannan hali aka yi fim ɗin.

Me ake gani? 'Yan mata biyu 'yan gida ɗaya, Birit Haarla da Katja Haarla, 'yan Sami, ɗaliban rawar bale a lokacin. Suna sanye da fararen kayan wannan rawa, suna tafe suna rawa a kan tuddai da filayen ƙasarsu, su ratsa ƙauyuka da gefen titi da wuraren da zamani ya kafa ƙafarsa, har su gangara kudu zuwa Helsinki, gaban ginin majalisar dokokin ƙasar mai manyan ginshiƙan dutse, wanda aka kammala a 1931. Daga Utsjoki zuwa can ya fi kilomita 1,000, ya fi nisan Ibadan zuwa Kano. Labarin kenan gaba ɗaya. Babu mugu, babu jarumi, babu wanda ya mutu.

Inda gwanintar take shi ne zaɓen irin rawar. Bale ba rawar Sami ba ce ko kaɗan. A fadojin sarakunan Italiya ta faro, ta girma a fadar Faransa inda Sarki Louis na 14 ya kafa mata makaranta a 1661, daga baya Rasha ta ɗaukaka ta. Rawar masu mulki ce, ta cikin ɗaki mai shimfiɗaɗɗen katako da fitilu. Babban sirrinta kuwa shi ne mace ta tsaya a kan ƙarshen 'yan yatsun ƙafarta cikin wani takalmi mai tauri a baki, ta zama kamar ba ta da nauyi, kamar ƙasa ba ta riƙe ta. Duk horon shekara da shekaru da ake yi wa yarinya, manufarsa ta rage abin da ke haɗa ta da ƙasa har ya koma bai fi faɗin kwabo ba.

To ku ɗauki wannan rawa ku ɗora ta a kan ƙasar da ake rigima a kanta. Wa ke tafiya a kan 'yan yatsu? Mai sanɗa, da baƙon da ya kwana a gidan mutane ya tashi da asuba ba ya son ya tada masu gida. Mai gida kuwa da tafin ƙafarsa duka yake taka tsakar gidansa. Da na ga waɗannan 'yan mata suna ɗage a kan ƙasar kakanninsu, abin da na karanta shi ne: ga 'ya'yan masu gida an koya musu takun baƙi. Kashi 90 ɗin nan da na ambata a sama, ga shi an nuna shi da ƙafa ba tare da an kira lamba ko ɗaya ba. A ganina wannan shi ne zuciyar fim ɗin, kuma shi ya sa minti 11 suka wadatar.

Amma abin bai tsaya a nan ba, kuma nan ne na ƙara jinjina wa masu aikin. 'Yan matan sun iya rawar da gaske, ba kwaikwayon ba'a suke yi ba. Sun sha wahalar koyonta, ta zama tasu. Fim ɗin bai ce su tuɓe takalmin su koma zamanin kaka da kakanni ba. Yaranmu da aka haifa a nan, masu Yarabanci kamar 'yan Oja'ba, masu Turancin makaranta, waɗanda in sun je Kano ake ce musu 'yan kudu, za su gane wannan matsayi da wuri. Abin da ka koya a hannun wasu ya riga ya shiga jikinka, da shi za ka yi kukan abin da ka rasa, don ba ka da wani jikin.

Sunan fim ɗin ma abin tsayawa ne. Tsuntsu na sama ne, me ya kai shi ƙarƙashin ƙasa? Fararen kayan bale suna tuna wa mai kallo shahararren wasan nan na Rasha da aka fara nunawa a Mosko a 1877, inda 'yan mata ke rawa a matsayin fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya. A ƙasar Sami kuwa akwai wata tsuntsuwa dangin fakara, wadda gashinta ke rikiɗa ya koma fari fat idan sanyi ya zo, kuma takan nutsa cikin dusar ƙanƙara ta kwana a ciki don ta tsira. Wanda ya wuce ta wurin sai ya rantse babu mai rai a filin. Ni dai haka na ɗauki sunan: al'ummar da aka ɗauka ta ɓace, alhali tana nan a ƙasa tana numfashi, tana jiran lokaci.

Sai kiɗa. Muryar da ake ji ta Wimme Saari ce, wanda aka haifa a 1959 a yankin Enontekiö, gwanin wata irin rerawa ta Sami da ake kira yoik. Masu ita sukan ce ba a yin yoik a kan mutum, mutumin ake rerawa. Kowane mutum, ko dutse, ko kogi, ko dabba, yana iya samun nasa. Abu mafi kusa da shi a wurinmu shi ne take: makaɗi ya buga, ba a kira suna ba, amma kowa ya san wa ake nufi, shi ma mai taken tsigar jikinsa ta tashi. An daɗe malaman coci suna kiran yoik zunubi, har aka kai lokacin da mutane ke ɓoye ta. Wimme ya daɗe yana aiki da Tapani Rinne, mabushi ɗan Finlan mai haɗa busa da sautin na'ura, kuma tare aka ji su a nan. Sai aka samu ƙafa tana rawar fadar Faransa, kunne yana jin taken tuddan Sami. Jikin ya tafi makarantar wasu, muryar ta zauna a gida tana kiran sunan wurin. Baƙin cikin fim ɗin a tsakanin waɗannan biyun yake zaune, shi ya sa ba a buƙaci hawaye ba.

Wannan ya kawo mu ga yadda aka yi aikin. Mai ba da umarni Marja Helander ce, an haife ta a 1965, mai ɗaukar hoto ce, jininta na Utsjoki amma a kudu ta tashi. Ta saba sa kanta a cikin ayyukanta. A wani gajeren fim nata mai suna Trambo an gan ta tana jan wata ƙatuwar shimfiɗar tsalle ta wasan yara a kan tudun ƙanƙara, abin dariya abin tausayi. A wannan karon sai ta koma bayan kyamara ta bar wa matasa fili. Ita ta san ciwon wanda ya tashi nesa da gida. Wimme ya san muryar da aka so a kashe. 'Yan matan su ne za su rayu da abin da ya rage. Da ita kaɗai ta yi, da ya zama ƙorafin mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma makokin ƙasa ya fi jinka nauyi. Alƙalai ma sun yaba: fim ɗin ya ci kyautar Risto Jarva a bikin finafinai na Tampere a 2018, aka kuma nuna shi a bikin Sundance na Amurka a 2019.

Wani abin da ya burge ni shi ne barkwanci. Ganin mai kayan fada tana juyi da natsuwa a wurin da ba a yi don rawa ba, dole ka murmusa. Masu fim ɗin sun san haka, da gangan suka yi. Mutanen da aka daɗe ana ɗaukar hotonsu don a sayar wa 'yan yawon buɗe ido sun gaji da a tausaya musu. Dariyar tana hana mai kallo ya tsaya daga sama yana cewa "Allah sarki", tana jawo shi ya zauna a tabarma ɗaya da su.

To, ba a rasa nono a ruga, haka ba a rasa abin gyara a aikin ɗan Adam. Na farko, fim ɗin ya dogara ƙwarai da abin da mai kallo ya riga ya sani. Ɗan Finlan ya ga ginshiƙan nan ya san majalisa ce. Mu kuwa sai mu ɗauka banki ne ko gidan tarihi. Wanda bai taɓa jin labarin Lokka ko kogin Teno ba zai iya kallo har ƙarshe ya ce 'yan mata sun yi rawa mai kyau, shi ke nan. Layi biyu na rubutu a farko da sun buɗe wa baƙo ƙofa ba tare da sun ɓata komai ba.

Na biyu, kyan hoton ya yi yawa har yana neman cin amanar saƙon. Farin fili, sararin sama, fararen kaya, komai tsaf. Irin wannan kyan ne kamfanonin yawon buɗe ido ke tallatawa. Ƙasar da ake makokinta ta fito kamar amarya, alhali mai kiwon da ya tarar da dabbobinsa sun mutu da yunwa a kan ƙanƙara ba haka yake ganinta ba. Na so a ce ƙazantar asarar ta ɗan ƙara fitowa fili, ko da sau ɗaya.

Na uku gargaɗi ne ga iyaye, ba laifin fim ɗin ba. Kayan bale gajeru ne, sun saɓa da suturar da muka sani. Babu batsa a ciki, babu namiji da mace suna rungumar juna, amma gara mutum ya sani kafin ya kunna a gaban surukai.

Yanzu bari mu waiwayo gida kaɗan, don akwai inda zaren ya haɗu. Mu ma Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Mu ma muna da namu Lokka: dam ɗin Bakolori kusa da Talatar Mafara, inda manoman da aka raba da gonakinsu suka yi bore, a 1980 aka murƙushe su da bindiga, rayuka suka salwanta. Bayan dam ɗin Tiga, fadamun Haɗeja da Nguru sun ja baya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Wanda duk ya je gida da Sallah ya san sauran: gonar gandu an yanka ta fuloti, kukar da ake kwatance da ita an sare, kududdufi an cike an yi shaguna, ganuwa ta zama wurin ɗibar ƙasa. Ba ina cewa halinmu ɗaya da na Sami ba ne. Su 'yan tsiraru ne a ƙasarsu, mu kuwa a Arewa mu ne masu yawa, kuma sau da yawa da hannunmu muka sayar. Amma ciwon ka tsaya a inda aka binne cibiyarka ka kasa gane wurin, wannan kam mun san shi.

Abin tambaya, ina wannan ciwo a finafinanmu? Masana'antar Kano ta fi kowa yawan rawa da waƙa, kusan babu fim ɗin soyayya da ba a fita waje an taka ba. Amma ku lura da wurin da ake rawar: lambun otal, gefen dam, kan duwatsun Jos. Wurin labule ne kawai, da za a cire shi a sa wani babu abin da zai ragu. Ba a taɓa tambayar gonar wa ruwan dam ɗin nan ya ci ba. Alhali muna da abin da ya fi bale dacewa da wannan aiki. Gangar noma don ƙasa aka yi ta. Makaɗi na bin manoma a gayya, yana buga taken kowa, fartanya na sauka tare da gula. Rawa ce ta tafin ƙafa duka, ta ƙura da zufa. A ce wani ya tara tsofaffin manoma biyar da makaɗinsu, ya kai su tsohuwar gonarsu da yanzu ta zama katangar bulo da ƙofar ƙarfe, ya ce a buga, su kuma su yi abin da jikinsu ya tuna. Ba sai an rubuta musu ko kalma ɗaya ba. Kuma ba aikin miliyoyi ba ne, wayar da ke aljihun yaranmu ta isa, in dai an samu mai kiɗa, mai ɗauka da dattijon da ya san inda iyakar gonar take a da, suka yarda su yi aiki tare.

Shawarata ga matasanmu masu sha'awar harkar fim, da ɗalibanmu da ke jami'a da kwalejin kimiyya a nan Ibadan: ku nemi Tsuntsaye a Ƙarƙashin Ƙasa ku kalla sau biyu. Karon farko ku bar ido ya sha kallo. Karo na biyu ku dubi ƙafafun kawai, da abin da suke takawa. In Allah Ya kai mu hutun Sallah kuka je gida, ku sa kaka ta zaga da ku ta nuna muku inda rijiya take da inda kuka take, ku ɗauka da muryarta, tun tana iya tafiya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da ke kwance a can da waɗanda ke kwance a nan, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.